Lesin ɗin Turanci na dare a Aboabo: wata uku na yi, ga abin da na gani

Tun da na fara zuwa lesin ɗin nan mutane ke tare ni a shago, wai Masta da furfurarka ka koma aji, to ya wurin yake, ya ci kuɗinsa ko kuwa asara ce. Na gaji da ba kowa amsa ɗai-ɗai, bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama sunan malamin ba, ko na makarantar da yake aron ajinta da dare, don akwai inda zan yi ƙorafi kuma bana son a ce na taɓa wa bawan Allah hanyar abincinsa. Ɗan Aboabo ko Asawase a nan Kumasi in ya tambaya zai gane wurin.

Ni tela ne, kaftani da jallabiya da ɗinkin mata jefi-jefi. Boko a JHS, wato ƙaramar sakandare, na ajiye shi, sauran rayuwa allo ne da bakin keke. Kuma kun san Kumasi, in kana jin Twi da Hausa sai ka shekara baka nemi Turanci ba, zare da yadi a kasuwar Kejetia da Twi ake ciniki, pragya (keke mai ƙafa uku na haya) da Twi, trotro (ƙaramar bas ta haya) da Twi. Sai ka shiga banki ko an kira ka makarantar yara ko an miƙo maka fom, sannan zaka tuna ashe Turanci ne harshen gwamnati a ƙasar nan.

Abin da ya kai ni ajin kuwa kunya ce na sha. Watan Disamba ne lokacin da 'yan borga ke dawowa gida (wanda ba ɗan Gana ba, borga muke ce wa wanda ya dawo daga Turai, daga sunan Hamburg ta Jamus kalmar ta fito), wata Hajiya ta zo da 'yarta haifaffiyar Landan za a auna ta. Yarinyar ta hango wani kaftani da na rataye mai aiki a wuya, ta ɗaga waya ta ce min "Do you mind if I take a picture?" Ni kuma da fara'ata, ina murna za a kai aikina Turai, na ce "Yes, yes!" har da gyaɗa kai. Kawai sai na ga yarinya ta sauke waya ta ce "Oh, sorry" ta koma ta zauna. Na yi sororo. Uwar ta fashe da dariya ta ce Masta ai hana ta ka yi. Yaran shagona da nake koya wa ɗinki suna sunkuyar da kai wai kar in ga suna dariya, alhali su ma wallahi ba sanin suka yi ba.

Lesin ɗin Litinin da Talata da Laraba ne bayan sallar isha'i, awa ɗaya da rabi. Sidi 150 a wata, wato miliyan ɗaya da rabi in ji tsofaffinmu da har yau basu yarda an cire sifili huɗu a 2007 ba. Ana biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ko a hannu. Mu wajen ashirin ne a ajin, akwai direbobin pragya, akwai mai sayar da kayan waya a Adum, akwai Hajiya mai waakye (shinkafa da wake) da bata taɓa fashi ba ko ruwa ake, akwai wasu samari biyu da ke shirin sake zana WASSCE, jarrabawar gama sakandare. Malamin yaro ne a kaina, ɗan zango ne ya yi jami'ar KNUST, muna ce masa Ticha shi kuma ni Masta yake ce min, dattijan ajin Baba ko Alhaji, bai taɓa kiran babba da gatsal ba, wannan ma ya ƙara masa daraja a idona.

Abin da ya sa na zauna ban gudu ba a satin farko shi ne salon koyarwarsa. Baya fara ka da nahawu irin na makaranta, a cika allo da sunayen da baka san kansu ba. Magana ɗaya yake ɗaukowa wadda ake yi kullum, sai a yi sati ana juya ta a jimloli har ta zauna a baki. Ranar da na ba shi labarin yarinyar Landan sai ya ce to shikenan Masta ya kawo mana darasin sati, ya rubuta "mind" ƙato a allo.

Ya ce mu manta da Turanci tukuna, ya tambaye ni da Hausa: Masta zaka damu in na zauna a kujerarka? Na ce a'a ba damuwa zauna mana. Ya ce to ka ji bakinka, a'a ka ce amma izini ka bayar. "Do you mind" ba yana nufin ka yarda ba, yana nufin zai dame ka? Don haka mai ba da izini "No" zai ce, wanda ya ce "Yes" cewa ya yi eh zai dame ni, kar ki ɗauka. Kai jama'a, abu kamar wasa, shekara arba'in da ɗoriya ina jin maganar nan a rediyo da talabijin ban taɓa kama ta ba, a minti biyu ya warware min da harshen da na sha a nono. Amsar da ya sa muka haddace ita ce "Not at all" ko "No, go ahead", in kuma da gaske baka so to kar ka ce "Yes" tsurarta don tana da kaushi, ka ce "Sorry, I'd rather you didn't", wannan ta ƙarshen dai har yau harshena na sarƙewa a kanta.

Sai kuma ya raba mana ita gida biyu, kuma nan ne na ga mutumin ya san aikinsa. In kai ne zaka yi abin kana neman izini, "if" ke biyo baya: "Do you mind if I open the window?" In kuma wani kake roƙo ya yi maka, to aikin da ke biye sai ya ɗauki "ing" a wutsiya: "Do you mind waiting?", "Would you mind closing the door?" Ba a cewa "mind to wait", kuma duk ajin haka muke faɗa kafin ya gyara mana. "Would you mind" ta fi "Do you mind" ladabi, ita zaka yi wa manaja a banki ko likita, kuma in ka haɗa ta da "if" sai aikin ya koma sigar abin da ya wuce ko da yanzu kake nufi: "Would you mind if I sat here?" Wani direban pragya ya ce Ticha wannan ai rainin hankali ne, ban zauna ba tukun ya za a ce "sat". Ticha ya ce haka masu abin suka ga dama, mu ma ai muna cewa na tafi alhali muna tsaye a bakin ƙofa. Ajin ya ɗauki dariya, amma ta zauna.

Kowa sai da ya kawo jimla daga sana'arsa. Tawa ita ce "Would you mind coming back on Friday?", wadda duk tela ya san amfaninta, balle ana saura kwana uku sallah. Hajiya mai waakye ta ce "Do you mind if I add wele?", wato in ƙara maka ganda, aka yi ta shewa. Mai kayan waya ya ce "Do you mind paying by MoMo?" Kuma ina ganin wannan ne sirrin, jimlar da ka ƙera da kayan shagonka bata ɓacewa, ba kamar ta littafi ba da ake maganar dusar ƙanƙara da jirgin ƙasa.

Wani abin da ya burge ni, baya kushe Turancinmu na Gana. Ya ce "Don't mind him" da muke faɗa, wato ƙyale shi, daidai ne kowa zai gane, ga shi ma a bayan tsofaffin trotro ana rubuta "Don't mind the body". Amma "I greeted him and he didn't mind me", wato na gaishe shi ya share ni, wannan tamu ce ta nan, Bature "he ignored me" zai ce. Bai ce mu daina ba, cewa ya yi ku san wacce riga ce ta zaman gida wacce ce ta fita unguwa. Haka ya yi mana da "I'm coming" da muke faɗa muna juya baya muna tafiya, fassarar ina zuwa ce tsaf, Tonawa, wato Ashanti, ma haka suke yi a Twi, to a wurin Bature in ka ce haka yana sa ran ganinka kana matsowa ne, in fita zaka yi ka dawo "I'll be right back" ake cewa. Da "please" da muke liƙawa a komai, "Yes please", "No please", "Please good morning", ya ce "mepa wo kyɛw" ce ta Twi ta sa rigar Turanci, a Kumasi ladabi ce, a waje "No please" sai a kalle ka.

Ragowar 'yan uwan kalmar a gurguje ya bi su. "Never mind" bar shi kawai ba komai. "I don't mind" duk wanda aka yi daidai ne a wurina, kuma ya ja mana kunne kar mu musanya ta da "I don't care" don wannan kusan ina ruwana ce, ka faɗa wa kwastoma ka rasa shi. "Mind your own business" ba sai an fassara wa ɗan zango ba. "Mind the gap" kuma wai ita ake ta nanatawa a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, wato kula da ramin da ke tsakanin jirgi da dakali, wannan dai na rubuta ne kawai, ban ga ranar da zata min amfani a Aboabo ba.

Na ɗan kama shi a wuri ɗaya. Ina kallon wani bidiyo a waya sai na ji an ce wa Bature "Would you mind helping me?" ya ce "Sure!" ya tashi ya taimaka. Na kawo masa na ce Ticha ga masu harshen ma suna abin da ka hana mu. Bai yi musu ba, ya ce gaskiya ne suna yi, a maganar yau da kullum mutum kan amsa roƙon ne ba kalmar ba, shi ya sa kar ku tsaya a kalma ɗaya, ku ƙara "go ahead" ko "no problem" yadda ba mai ruɗewa. Na ji daɗin da bai kare kansa ba, amma da ban tambaya ba da bai faɗa ba, kuma da na ci gaba da ɗauka doka ce da bata da kafa.

To yanzu ƙorafi. Na farko lokaci. An ce ƙarfe takwas, amma sau da yawa sai takwas da kwata ko da rabi yake shigowa don yana da wani lesin na yara kafin namu, kuma tashi baya canzawa, tara da rabi an rufe don mai gadi na jira. Kuɗin awa ɗaya da rabi muke biya muna samun awa ɗaya, na faɗa masa ido da ido ya ba da haƙuri ya gyara na sati biyu ya koma ruwa. Na biyu ajin kansa, bencin yaran firamare ne, mutum irina gwiwa na dukan tebur, fanka ɗaya ce, in aka yi dumsor, wato aka ɗauke wuta, kuwa sai fitilar waya, ba janareta ba fitilar caji, sau uku muna tashi ba a gama ba kuma ba a rama mana ba.

Na uku shi ya fi ci min rai. Ya haɗa mu duka a aji ɗaya, wanda ko sunansa baya iya rubutawa da masu shirin WASSCE. Samarin nan biyu su ke cafke kowace tambaya kafin dattijo ya gama haɗa kalmomi a kansa, har wani Baba mai sayar da goro ya daina zuwa, ya ce min shi bai biya kuɗi don jikokinsa su yi masa dariya ba. Raba ajin biyu ba zai gagara ba. Sannan akwai guruf na WhatsApp da aka ce mu riƙa tura murya yana gyara mana, farkon wata yana saurara, daga baya sai dai ka ga alamar ya ji shiru ba amsa, yanzu guruf ɗin ya koma na barka da Juma'a da tallan atamfa. Rubutu ma kusan babu, duk baki ne, wanda matsalarsa cike fom ce ko rubuta wasiƙa gaskiya ba nan zai zo ba, haka mai neman satifiket, ba a bayarwa.

Amma in irina ne kai, kana jin Turanci sama-sama kana tsoron buɗe baki gaban mutane, to sidi 150 ɗin bata tafi a banza ba, in ana ba da maki ne zan ba shi bakwai cikin goma, ukun da na riƙe na latti ne da benci da Baba mai goro. Mata ma suna zuwa, sai dai da ya mayar da nasu bayan la'asar da sun fi haka yawa, matata ta so shiga dare ne ya hana.

Na riga na biya na wata na huɗu. Satin nan "used to" muke kai, "I used to" da "I am used to", wai ɗaya na saba yi a da na daina, ɗaya kuma na saba da abin har yanzu, jiya sau uku ina cakuɗa su Hajiya mai waakye na gyara min daga bayan aji.