Wata shida da 'yar na'urar kwafe kaset zuwa kwamfuta

Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya bar kwali biyu na kaset ɗin bidiyo, kuma ranar rabon kaya ba wanda ya waiwaye su sai ni. Kusan duka ƙwallo ce da ya ɗauka daga talabijin tsakanin 1994 da 2002, ya rubuta sunan wasa da kwanan wata da biro a jikin kowanne. Na daɗe ina cikin masu musayar tsofaffin wasanni, amma kullum karɓa nake yi, ba ni da abin miƙawa. Wannan ne ya sa na sayi na'urar da ke juye kaset zuwa kwamfuta.

Ba ta fi yatsa biyu girma ba, kuma kuɗinta bai kai na ƙaramar waya ba. Kai ɗaya na USB ne, ɗayan kuma wayoyin nan uku da kowa ya sani a bayan bidiyo: rawaya ta hoto, fara da ja na sauti. Ta zo da ɗan faifan CD, kwamfutata kuwa ba ta da wurin sa shi, sai na sauke manhajar OBS Studio wadda kyauta ce, nan take ta gane na'urar. Abin da za a kula da shi shi ne a zaɓi tsarin PAL, 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa, don da shi talabijin ɗin Najeriya yake aiki a wancan zamanin.

Kaset ɗin da na fara sawa shi ne na 31 ga Yuli 1996, Najeriya da Brazil a wasan kusa da na ƙarshe na Olamfik. Na kalli ƙwallayen wasan nan a intanet sau ba adadi, cikin minti uku an gama. Kallonsa cikakke wani abu ne daban. Sai ka zauna tare da 3 da 1 ɗin nan na tsawon lokaci, ka ji muryar mai sharhi ta yi sanyi, kafin Ikpeba ya rage, Kanu ya farke a minti na 90, sannan ya jefa ƙwallon zinare a ƙarin lokaci. Har da tallan da aka sa a hutun rabin lokaci Kawu bai yanke ba. Na'urar ta ɗauko wannan duka yadda yake, da 'yar rawar da hoton ke yi a ƙasan allo. Na yi hawaye a daren nan, domin a falonsa na kalli wasan ina yaro.

Kada mai saye ya sa ran za ta gyara masa hoto. Abin da ke cikin kaset shi take ba ka. Wanda aka ɗauka a SP, wato awa uku a kaset E-180, yana fitowa da kyau. Wanda Kawu ya matse a LP don ya ci awa shida, launinsa ya dushe, lambar bayan 'yan wasa ma da ƙyar ake karantawa.

Babban aibinta sauti ne. Idan kaset ya tsufa yana tsalle, na'urar tana zubar da wasu hotuna, sautin kuma ya ci gaba da tafiyarsa, kafin a kai ƙarshen wasa sai ka ga ƙwallo ta shiga raga tun ba ka ji ihun 'yan kallo ba. Maganin da na samu shi ne in riƙa ɗaukar kowane rabin lokaci daban. Tana kuma ɗaukar zafi bayan awa biyu, don haka nake barin ta ta huce. Na uku, wani abokin musayarmu na Maraɗi ya aiko mini da kaset, ya fito fari da baƙi. Nijar tsarin SECAM take amfani da shi a lokacin, bidiyona kuwa PAL kawai ya sani, don haka wannan ba zan ɗora wa na'urar shi kaɗai ba.

Gaskiya wahalar ma ba a wurinta take ba, a wurin bidiyon take. Funai, kamfanin ƙarshe da ke ƙera su, ya daina tun 2016, sai dai na hannu. Biyu na saya kafin na dace da wanda ba ya cin kaset. Duk kaset ɗin da ka hango farin funfuna ta gilashinsa, kada ka kuskura ka sa shi kafin a goge, zai toshe kan bidiyon ya ɓata na bayansa. Aikin kuma ba ya gaggawa: wasan awa biyu, awa biyu za ka zauna. Idan aka ɗauke wuta a tsakiya, sai a koma farko, don haka yanzu ba na farawa sai batirin sola ya cika.

A wajen masu musaya, tambayar farko ita ce, “Cikakke ne?” Suna nufin daga taken ƙasa har busar tashi, da muryar mai sharhi ta asali. Ba ma sayarwa, wasa ake bayarwa a karɓi wasa. Da na fitar da wasan ƙarshe na kofin Afirka na 1994 a Tunisiya, wanda Amunike ya ci Zambiya biyu, da na Najeriya da Bulgeriya a Dallas a kofin duniya na shekarar, inda Yekini ya riƙe raga yana kuka, mutanen da a da nake roƙo su ne suka fara nemana.

Kaset ɗin Najeriya da Sifen na kofin duniya, 13 ga Yuni 1998 a Nantes, shi ya fi taɓa ni. Yana tafiya lafiya har inda Garba Lawal ya bugo ƙwallon da Zubizarreta ya tura cikin ragarsa aka koma 2 da 2, daga nan sai ƙura a allo. Kawu ya rubuta a jikinsa, “wuta ta ɗauke.” Ƙwallon Oliseh da ta ba Najeriya nasara ba ta ciki. Wani Bahaushe a Garwa ta Kamaru ya ba ni cikakkensa da sharhin Faransanci, na ba shi na Brazil. Na ajiye su a wuri ɗaya cikin kwamfuta, na Kawu a sama. Saura kaset 19 a kwali na biyu, kuma da wannan na'urar zan ƙarasa su.