Kabinen kwantabul ɗin da ya duba mana tayin sayen uzin ɗinmu na piya wata

Salamu alaikum. Masu tambayata yaya muka ƙare da kabinen kwantabul ɗin nan na cikin gari, to ni dai nace aikinsu ya ci kuɗinsa, amma akwai wuraren da suka ɓata mini rai kuma zan faɗa.

Mu kaɗan ne muka haɗa jari muka buɗe ƙaramin uzin na ruwan leda a nan Damagaram, SARL ce, wato sosiyeten da kowa ke da kasonsa na jari, da takardunta, RCCM na rajistar kasuwanci da NIF na lambar lampo duk akwai. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya aiko yana son ya saye kason kowa gaba ɗaya, kuɗin da ya ambata kuma a kunne suna da daɗi wallahi, har wasu cikinmu sun fara lissafin fili da mota. Ni kasona ba babba bane amma guminna ne, shiyasa na dage sai wanda ya san aikin ya duba kafin kowa ya sa hannu.

Abu na farko da ya burge ni, kwantabul ɗin bai fara da maganar farashi ba. Cewa yayi Alhaji me zai saya, sosiyeten ce ko injuna da wurin kawai? Dukkanmu shiru. Ya bayyana mana cewa in kason jari aka sayar to bashin sosiyete yana nan a wuyan sosiyete, lampon da ba a biya ba, kuɗin CNSS, asusun inshorar ma'aikata, fakitir ɗin kuran na NIGELEC, kiredin banki, duk mai saye zai gada, saboda haka mai wayo zai saka sharaɗi a kwantara cewa in wani tsohon bashi ya ɓullo daga baya mu za mu biya daga aljihunmu. Da ya buɗe takardar tayin sai ga sharaɗin kwance a ciki, babu iyakar kuɗi babu iyakar lokaci. Wannan kaɗai ya isa in ce kuɗin da muka ba kabinen bai tafi banza ba. Ya ce mu nemi a yanka wa'adi a kuma ƙayyade iyakar abin da za a iya dawowa a karɓa.

Sai maganar biya. Tayin yace wani kaso hannu da hannu, saura a hankali daga ribar uzin. Malam kwantabul ya tambaye mu, in kun miƙa makulli shi ke riƙe da littafi, wa zai gaya muku an ci riba ko ba a ci ba? Ya ce saura ya zama da ranaku tsayayyu da jingina a gaban notar, jami'in shari'a mai tabbatar da kwantara, in ba haka ba kamar ka sayar da akuya ne ka bar igiya da kuɗin duka a hannun mai saye.

Ya kuma karanta mana dokar sosiyete ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci ɗaya, wadda aka sabunta a 2014, cewa in statu ɗin sosiyete, wato takardar ƙa'idojinta, bai tsara wata hanya ba, mutum ba zai sayar wa bare kasonsa ba sai da yardar rinjayen sauran abokan tarayya masu riƙe da kashi uku cikin huɗu na jarin da ya rage, in suka ƙi kuma dole su saye da kansu cikin wata uku. Wannan ya kwantar da hankalin mu ƙanana sosai, don da ana ta tsorata mu wai in manya suka sayar sai dai mu bi.

Wurin da yafi daɗewa shine gaban kasuwar, kuma nan naga mutumin ɗan gari ne ba takarda kawai ya sani ba. Bai yarda a auna uzin da cinikin Maris zuwa Mayu ba, lokacin zafi kowa mai piya wata sarki ne, yace a ɗauko na damina da na hunturu a haɗa. Ya ware kuɗin gazuwal na gurup daban, ya nuna mana yadda suka tashi tun lokacin da Najeriya ta yanke kuran a 2023 bayan juyin mulki, duk da ga matatar mai ta SORAZ nan kusa da mu tun 2011. Ledar da muke ɗaukowa daga Kano da naira ake sayenta, faɗuwar naira ta taimake mu, amma yace kar mu ɗauka haka za ta dawwama. Ga kuma matsalar ruwan Damagaram da kowa ya sani, duk wanda ke da forajinsa mai ruwa yana riƙe da abu mai daraja, kuma a ganinsa forajinmu Alhaji yake so fiye da injunan. A tayin kuwa an yi wa forajin kuɗi kamar ba komai ba.

Inda basu kyauta ba: jinkiri. Ka je randebu ka zauna a biro kana jira, ka kira waya ba a ɗauka, alhali mai saye yana matsa mana lamba. Rahoton kuma duk da Faransanci ne mai nauyi, cikinmu akwai dattijon da bai yi lakkol ba kuma jarinsa yafi nawa, sai da na roƙa sannan aka zauna aka yi masa bayani da Hausa, abin da ya kamata su yi tun farko ba tare da an tambaya ba. Kuɗin fotokopi da na zuwa ganin uzin ma basu faɗa da wuri ba, sai a fakitir muka gani.

In za ku je, ku tambaya ko sunansu na cikin ONECCA, ƙungiyar ƙwararrun kwantabul ta Nijar, ku yi ciniki a rubuce, ku tafi da bilan, wato lissafin ƙarshen shekara na sosiyete, na shekarun baya da takardun lampo da na banki. Mu dai mun mayar wa Alhaji amsa da sababbin sharuɗɗa da sabon farashin foraj, wakilinsa yace sai ya dawo daga Yamai za a zauna.