Shekara biyu da dillalin inshorar jirginmu mai sauka a ruwa, ga abin da na gani

Mu uku muka haɗa kuɗi muka sayi tsohuwar Cessna 185, ƙaramin jirgin sama, a nan jihar Minnesota ta Amurka, irin wadda aka daina ƙerawa tun 1985, muka ɗora mata fulot, wato dogayen ƙafafun nan masu kama da kwalekwale, kuma namu masu taya ne a ciki, za ka iya tashi daga filin jirgi ka je ka sauka a tafki. Jihar nan tafkuna sun fi dubu goma sha ɗaya, to in kana da lasisin tuƙin jirgin sama dole abin ya ja hankalinka. Abin da ba mu lissafa da kyau ba shi ne inshora, kuma a nan ba zaɓi ba ne, dokar jiha ta ce sai ka nuna takardar inshora kafin a yi wa jirgi rajista.

Dillalin farko da na kira shi ne wanda yake min inshorar jirgin tun yana kan taya kawai. Yana jin na ce fulot masu taya sai muryarsa ta sauya, ya ce zai nemo, sati biyu shiru. Wani dattijo da ke gyara mana inji ne ya ce min ɗana ka daina wahala, je wajen wanda aikinsa kenan, ya ba ni lambar wani ƙaramin ofis da inshorar jiragen sama masu sauka a ruwa kawai suka fi yi. To su nake so in yi magana a kansu.

Kiran farko wallahi mun fi awa ɗaya. Dillalin nasu bai fara da farashi ba sam, tambayoyi ya yi ta jero min, awa nawa kake da shi gaba ɗaya, nawa ne a kan ruwa, nawa a wannan samfurin, sau nawa ka sauka a ruwa cikin wata goma sha biyu da suka wuce, ina jirgin ke kwana, a rumfa ko ɗaure a bakin tafki. Na ce masa ai na je Winter Haven a Florida na yi horon ruwa har an ƙara min a lasisi, ya ce madalla amma wannan na FAA ne, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, kamfanonin inshora ba sa kallon awa shida na horo a matsayin gogewa. Sharaɗin da ya samo mana shi ne kowannenmu sai ya yi awa 15 da malami a cikin jirgin namu kafin ya tashi shi kaɗai, sannan wasu awanni kafin ya ɗauki fasinja. A lokacin na ji haushi don kuɗin malami ba kaɗan ba ne, yanzu kam na gode masa.

Kuɗin shekara ya kusa ninka uku abin da ake biya da jirgin yana kan taya. Ya ce min dalili ɗaya ne babba, mantuwa da taya. In ka sauka a ruwa tayoyi suna waje, ruwa na kama su hancin jirgin ya nutse, ya kife da kai cikin daƙiƙa biyu uku, kana ɗaure da bel kanka a ƙasa ruwa na shigowa, kuma jirgin da ya sha ruwa haka yawanci asara ce gaba ɗaya. Shi ya sa har yau in zan sauka sai na faɗa da baki da ƙarfi, saukar ruwa ce, taya a sama, fitilar taya shuɗiya, in leƙa madubin fiffike in gani da idona. Shi ya ba mu shawarar sa na'urar da ke magana tana gaya maka inda taya take, kuma ya rubuta ta a takardar neman inshorar.

Inda ya fi burge ni shi ne karatun takardar. Akwai wani tayi mai sauƙi da abokina ya samo a intanet, muka tura masa, bai kushe ba, ya ce mu buɗe shafi na kaza. Ashe kason da za ka fara biya daga aljihunka in abu ya faru a kan ruwa kashi goma ne cikin ɗari na darajar jirgin, kuma a wajensu jirgin da ke ɗaure a bakin tafki ma a kan ruwa yake. Sannan dala miliyan ɗaya da aka rubuta da manyan baƙi na ɓarnar da ka yi wa wasu, a ƙasa an ce kowane fasinja iyakarsa dubu ɗari. Kuɗin tsamo jirgi daga ruwa da share man da ya zuba ma sai da ya nuna mana ba ya ciki sosai.

Bara cikin watan Yuli muka gwada su. Hadari ya taso da dare, igiya ɗaya ta tsinke, jirgin ya yi ta bugun ƙarfen gadar da muke ɗaure shi. Da asuba na iso na tarar ya karkata hagu, bakin fiffike saura kamar taƙi biyu ya taɓa ruwa, ɗakuna biyu na fulot ɗin sun fashe sun cika. Na durƙusa da famfon hannu ina ta zuƙa sauro na cizona, ruwan na komawa kamar ban yi komai ba. Ƙarfe bakwai na kira dillalin ya ɗauka, ya ce kar ka kunna inji, ɗauki hoto ta ko'ina, nemi masu ɗagawa su fitar da shi yanzu, kuɗin yana ciki. Mai duba ɓarna ya zo bayan kwana uku, an biya cikin sati biyar, ba jayayya.

Inda suka gaza kuwa, imel. In ba waya ka buga ba sai ka yi kwana huɗu ba amsa, kuma da hunturu ya zo tafki ya daskare muka cire fulot muka mayar da taya, ba wanda ya tuna mana cewa in mun sanar za a rage mana kuɗi na watannin, sai a shekara ta biyu muka gano da kanmu, wannan ya min ciwo gaskiya. Bayan biyan ɓarnar ma an ƙara mana kuɗin sabuntawa, ya dai gaya mana tun wata biyu kafin lokaci.

Duk da haka mun sabunta da su. Muna shirin zuwa Alaska mu ga Lake Hood a Anchorage, tashar jiragen sama masu sauka a ruwa da ta fi kowacce cunkoso a duniya, na tambaye shi ya ce takardarmu ta tsaya a Kanada, Alaska sai an ƙara ta daban, in kira shi wata guda kafin tafiya.