Wane siwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci ta kebul) za ka saya wa ɗakin CBT, wato jarrabawa a kwamfuta, mai kwamfutoci marasa faifai?

Kwamfutar da ba ta da faifan ajiya ba ta da komai nata. Da ka kunna ta, sai ta yi cigiya ta cikin kebul: wa zai ba ni adireshin IP (lambar da ake gane kwamfuta da ita), kuma ina fayil ɗin da zan tashi da shi? DHCP, tsarin raba adireshi, shi ke amsa na farko, sabar (babbar kwamfutar ɗakin) kuma ta turo fayil ɗin ta TFTP, wata hanyar aika fayil. In amsa ba ta zo ba, sai ka ga saƙon kuskure PXE-E51 a baƙin allo. In adireshi ya zo babu sunan fayil, PXE-E53. Yawancin masu buɗe cibiya a nan Katsina suna zuba kuɗi a kan sabar, su sayi siwic na ragowar canji. Nan ake yin kuskure.

Ni dai Cisco Catalyst 2960G na hannu nake ba kowa shawara, ko 2960-X in aljihu ya yarda. Ka duba harafin da kyau, domin mai G da mai X gudunsu gigabit ne, wato megabit 1000, shi kuwa 2960 zalla ramukansa na soka kebul megabit 100 ne, kuma kwamfuta hamsin masu jan Windows daga sabar lokaci ɗaya za su shaƙe shi. Abin da ya sa na manne wa 2960G shi ne DHCP snooping: ka gaya masa ramin sabar kaɗai ke da ikon raba adireshi, duk wanda ya yi katsalandan daga wani rami a toshe masa baki. Ranar wata jarrabawar gwaji, yaron shagona ya soka ƙaramar rauta a bayan layi na uku don ya samu wayfai a wayarsa. Rautar ta fara rabon nata adireshin (192.168.0), rabin ɗaki ya ƙi tashi, iyaye na tsaye a ƙofa, ni kuwa ina zufa ina zargin sabar. Sai bayan azahar na gano ta ƙarƙashin tebur.

Sharaɗi ɗaya: ka kunna PortFast, saitin da ke buɗe rami nan take, a ramukan kwamfutoci. In ba haka ba, siwic ɗin zai riƙe ramin kusan daƙiƙa 30 yana bincike, kwamfutar ta gaji da jira ta ce babu DHCP, alhali lafiyarsa ƙalau. Fankar siwic ɗin tana da ƙara, kuma ƙurar hunturu tana cika ta, sai a riƙa hure ta.

Siwic ɗin MikroTik ma yana da kyau, amma sai mai haƙurin koyon saitinsa. Siwic marar saiti kuwa, na ɗakin kwamfuta goma ne.

Yanzu maganar da ta fi ci mini rai: kebul. Ko ka sayi siwic na zinariya, in aka haɗa ka da kebul na jabu, aikin banza ne. Akwai wanda aluminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, kwalin kuma an rubuta Cat6 da manyan baƙaƙe. Kafin ka biya, ka yanki ɗan guntu ka kankare da reza. In cikinsa ya fito fari, ajiye musu kayansu. Ko ka kanga masa layita, na jabu nan take yake lanƙwashewa. Ka ɗaga kwalin ma: mita 305 na jan ƙarfe tsantsa yana da nauyi, kuma wasu kwalayen mitar ba ta cika. Ka tsaya a kan mai haɗa kawunan kebul ɗin, domin gigabit sai da duk wayoyi takwas. In ɗaya ta kuskure, layin ya faɗo megabit 100 ba tare da ya gaya maka ba, ko ma ya ƙi aiki gaba ɗaya. Kada kuma wani layi ya wuce mita 100, ko da mai aikin ya rantse maka cewa ya saba yi.