Maganin ƙarin jini ga mai ciki: na asibiti, Pregnacare ko tonik, wanne za ki saya?

Da zarar an ce kina da juna biyu shikenan kowa ya zama likita, uwar miji tace malt da madara, ƙawa tace ai Pregnacare ne kawai sauran duk shirme, mai kemis kuma ya sauko miki da ƙatuwar kwalbar tonik yace wannan sati ɗaya jini ya cika. Toh dan Allah kafin ki fitar da kuɗinki ki san me ake nema a ciki. Abu biyu ne: sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, da folik asid, wani nau'in bitamin. Hukumar Lafiya ta Duniya tace mai ciki tana buƙatar miligiram 30 zuwa 60 na ayon da maikrogiram 400 na folik asid kullum. Duk abinda aka miƙo miki, juya kwalin ki duba waɗannan lambobin biyu, ba hoton matar dake murmushi a gaba ba.

Mu fara da wanda ake rainawa, na asibitin nan da nas take ƙirgo miki a farar leda ranar awo, jar ƙwaya da 'yar ƙaramar rawaya. Jar ita ce ta ayon, akasari Fersolate, kuma ƙwaya ɗaya mai miligiram 200 tana ɗauke da ayon kusan miligiram 60 zuwa 65, wato ta cika ma'aunin da ake so. Ita ce mafi araha, wasu asibitocin gwamnati ma kyauta suke badawa. Matsalarta kuwa gaskiya tana da ita, tana tayar da zuciya musamman ga mai laulayi, tana sa bayan gida yayi tauri kuma yayi baƙi, shi yasa mata da yawa suke sha kwana biyu su cusa a ƙarƙashin filo, ranar awo a tambaye su suce suna sha. Baƙin bayan gida ba komai bane, aikin maganin ne. Tashin zuciyar kuma ki gwada sha da daddare bayan kin ɗan ci wani abu.

Rawayar nan, wato folik asid, akwai abin lura da ba kowa ke faɗa ba. Wadda aka fi samu a kemis ɗinmu mai miligiram 5 ce, wato maikrogiram 5,000, ta ninka 400 ɗin can sama da sau 10, kuma folik asid mai yawa haka yana rage ƙarfin Fansida da ake baki don rigakafin maleriya daga wata na huɗu. Wasu kam likita da kansa yake rubuta musu mai 5 ɗin, kamar masu sikila ko wadda ta taɓa haihuwar yaro da matsalar laka, wannan daban. Ke dai ki nuna wa ma'aikaciyar awo wadda kike sha ki tambaye ta. Sannan folik asid amfaninsa mafi girma a farkon ciki ne, makonnin farko lokacin da ƙashin bayan yaro da ƙwaƙwalwa ke haɗuwa, mu kuma da al'adar ɓoye ciki sai ya kai wata biyar kafin a leƙa asibiti. Idan kina neman haihuwa ki fara tun yanzu.

Sai Pregnacare, na kamfanin Vitabiotics ne na Ingila. Ba zan kushe shi ba, ƙwaya ɗaya ce a rana, tana da bitamin kala kala, folik asid ɗin 400 ne daidai, kuma bata cika damun ciki ba. Amma dalilin da yasa bata damun cikin shine ayon ɗinta kaɗan ne, miligiram 17 a wanda aka rubuta Original a kwalinsa. Wadda jininta ke lafiya kuma tana cin mai kyau zai iya yi mata, amma idan anyi miki PCV, wato gwajin yawan jini, ance jini yayi ƙasa, kina jiri kina haki daga tsakar gida zuwa ɗaki, toh tsadarsa ba zata ɗaga jinin ba, sai kin haɗa da jar ƙwayar yadda likita ya tsara. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, don abu mai tsada shi aka fi yiwa jabu.

Akwai kuma MMS da aka fara rabawa a wasu asibitoci, ƙwaya ɗaya mai sinadarai 15, ayon 30 da folik asid 400. In akwai a inda kike awo ki karɓa, ni a ganina ya fi dacewa da aljihun yawancinmu.

Tonik kuwa, amfaninsa ga wadda bata iya haɗiyar ƙwaya ne. Kwalba bata daɗewa, wasu zaƙi ne yafi yawa a ciki, sai ki karanta nawa ne ayon a cokali ɗaya. Malt da madara kam daɗi ne kawai da ƙarin ƙiba, madarar ma hana ayon shiga jiki take.

Shi yasa yadda kike sha ya kusa fin abinda kika saya muhimmanci. Shayi, kofi, madara da ƙwayar kalsiyam duk suna tare ayon, ki bar tazarar kamar awa 2 tsakaninsu. Lemon zaƙi, gwaiba ko tumatir su ke taimaka masa. Kuɗin da zaki ƙara wajen sayen kwali mai ƙyalli, in ba yawa gare ki ba, gara ki kai kasuwa: wake, alayyahu, zogale, ƙwai dafaffe sosai, kifi, ɗan nama ko awara. Hanta tana da ayon sosai amma kar a mayar da ita abincin kullum saboda bitamin A ɗinta yayi yawa ga jariri. Goro ma a rage. In kuma kin ga ranki na kwaɗayin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara, ki faɗa a wajen awo a duba jininki, sau da yawa alamar ƙarancinsa ce.

Masu sikila kar ku sayi maganin ayon da kanku sai likita ya gwada ya rubuta.