In but guda ɗaya za ka fara saya, ga wanda ya fi

Wanda ya kwashe tsofaffin kayansa ya bayar don ya sake salon shiga, yawanci a takalmi yake maƙalewa, tunda but mai kyau, wato takalmin da ke rufe idon sawu, ba a sayensa uku lokaci guda. Ni dai Chelsea nake cewa a fara da shi. Shi ne wannan mara igiya mai roba gefe da gefe, ka zura ƙafa kawai ka fita. Tsohon samfuri ne, wani mai ɗinka wa Sarauniya Biktoriya takalma a Ingila, J. Sparkes Hall, shi ya yi masa rajista, sunan Chelsea kuma daga wata unguwa ce a Landan inda matasa suka yi yayinsa daga baya.

Abin da ya sa nake sonsa ba ya gardama da kaya. Jins ya hau, wandon kwat ya hau, mace ta sa da siket ko doguwar riga shi ma ya zauna daram. Ɗauki ruwan ƙasa mai duhu kafin baƙi, ya fi shiga da kaloli da yawa, sannan a bar ƙafar wando ta sauko ta rufe robar, don Allah a daina cusa wando a ciki. Tunda babu igiyar da za ka ɗaure, dole ya kama saman ƙafa sosai, diddige in ya ɗan motsa da farko ba komai. Gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za ka riƙa sawa.

A sauran nau'o'in but kuwa, Dr. Martens 1460 da ya fito a 1960 yana da kyau, amma sai ya ci maka diddige na makonni kafin ya yi laushi. Timberland rawaya na 1973 nauyi gare shi, kuma shi zai zaɓa maka sauran kayan. Desert Boot na Clarks ba ya shiri da ruwa. Na kaboyi kam a bar wa masu doki.

Amma wallahi duk wannan zancen banza ne in aka sayar maka da jabu. Wani mai sayarwa ta intanet ya taɓa rantse min fata ce zalla, damina ɗaya saman ya fara salewa kamar fentin tsohuwar mota, kuma irin wannan ba shumekan da zai iya gyarawa. Fatar gaske in ka danna da yatsa za ta yi ƴan ƙananan tamoji ta koma, warinta na fata ne ba na roba ba, bayanta kuma gashi-gashi ne, in ka ga yadi manne a bayan to leda ce. Duba ɗinkin da ya zagaye ƙasan takalmin shi ma. Irin wannan ɗinkin da ake kira Goodyear, in na gaske ne ana iya cire ƙasan a sa sabo, amma da yawa yanzu zaren ado ne aka liƙa da gam, wani ma ba zare ba ne, robar ce aka zuba da siffar ɗinki. Ja robar gefen ka saki, in ba ta koma nan take ba ajiye shi. Mai sayarwar da ya ƙi turo hoton ciki da na ƙasan takalmi, ko ya ce ba a mayar da kaya, kar ka tura masa ko sisi.