Tantance abin da aka shigar: a bakin fom ko a can cikin manhaja?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana haɗa wa wani mai shagon atamfa a Kasuwar Gumi manhajar kwamfuta ta lissafin kaya da bashi, amma ka rasa inda za ka ajiye tantancewa: a jikin fom inda yaron shago yake bugawa, ko can ciki inda dokokin ciniki suke zaune. To, ga su kusa da juna.

Ta fom, amfaninta sauri. Yaro ya buga lambar waya da lambobi 10 maimakon 11, nan take akwatin ya yi ja, ya gyara tun mai sayayya bai bar bakin shago ba. Kayan aikin ma a shirye suke: a cikin kayan gina allon manhaja, WinForms na da ErrorProvider, Swing na Java na da InputVerifier, Qt na da QValidator, duk don duba abin da aka buga a akwati. Na Qt ya fi burge ni, domin bayan "daidai" da "kuskure" yana da matsayi na uku, wato abin da bai kammala ba tukuna. Wanda ya buga 0803 ai bai yi laifi ba, yana kan hanya ne, bai kamata a daka masa tsawa ba.

Sai dai fom maigadin ƙofa ɗaya ne, kuma manhaja ba ta daɗewa da ƙofa ɗaya. Ni ma na ci wannan tuwon. Na taɓa rubuta dokar "kada a sayar da abin da babu a sito" a ƙarƙashin maɓallin sayarwa, a wani shago nan Tudun Wada. Bayan wata biyu Alhaji mai shagon ya ce a ƙara masa hanyar ɗauko ciniki daga Excel. Bayanan suka shigo ta bayan gida, ba su ko gaisa da maɓallin ba, muka wayi gari kaya suna nuna ƙasa da sifili. Laifina ne, ba na yaron shago ba.

Ta ciki kuwa sau ɗaya ake rubuta ta, duk wanda ya zo, fom ne ko Excel, sai ya bi ta gabanta. Kana iya gwada ta ba tare da ka buɗe ko taga ɗaya ba. Rauninta shi ne jinkirin magana: mutum ya cika akwati takwas, ya danna "ajiye", sannan a ce masa akwai matsala. Idan ba ka sa ta faɗi akwatin da ke da laifi ba, yaron zai tsani manhajar.

Ga yadda nake raba su. Ina tambayar kaina: in aka cire allon gaba ɗaya, wannan dokar tana nan? Cewa lambar asusun banki lambobi 10 ce, ko ba a buga harafi a wurin farashi, siffa ce, fom ya fara kamawa. Amma ko ana yanka rabin turmi, ko bashin kwastoma ya kai iyakar da Alhaji ya yarda, wannan dokar shago ce, ko da littafi da biro ake aiki tana nan. Wurinta ciki. Raba allo da dokoki shi ne dalilin MVC, wani tsarin rarraba sassan manhaja, tun da Trygve Reenskaug ya tsara shi a Xerox PARC a 1979, haka ma makamancinsa MVVM da John Gossman na Microsoft ya bayyana a 2005.

Tunda WPF, wato kayan Microsoft na gina allon manhaja, kake amfani da shi, kada ka kwafi dokar wuri biyu. Ka bar ViewModel, wato sashen MVVM da ke tsakanin allo da dokoki, ya tambayi ciki, ya miƙa amsar ga allo ta INotifyDataErrorInfo, hanyar sanar da allo kuskure, jan layin ya fito a akwatin da ya dace.

Rumbun bayanai ma ka ba shi nasa aikin: ka'idar UNIQUE a lambar rasit don kada ta maimaitu, ka'idar CHECK don kada adadin kaya ya sauka ƙasa da sifili. In rumbun naka SQLite ne, ka tuna ba ya duba alaƙar tebur da tebur sai ka kunna PRAGMA foreign_keys = ON, kuma a duk lokacin da ka buɗe haɗi da shi.